Turke a Teku, Rumbu a Kongolam

Gabatarwa

Idan aka ce wa manomin Kongolam akwai wani jirgin ruwa can tsakiyar Tekun Atlantika wanda aikinsa ya shafi abin da zai shiga rumbunsa, ba mamaki ya ɗauka ba'a ake yi masa. Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙasar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, inda hanyar mota ke ƙetarawa Ɗan Barto ta nufi Matamaye da Damagaram. Tsakaninsa da gaɓar teku akwai tazarar da ta kai wajen kilomita 900, kuma da yawa daga cikin mutanensa za su rayu su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin ruwan gishiri ba. Duk da haka, ruwan da ke sauka a gonakinsu tsakanin watan Yuni da Satumba, kaso mai yawa daga cikinsa daga tekun nan ya taso.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aikin dasa na'urorin awon teku daga jirgin bincike aiki ne da ya shafi noma da kiwo a ƙasar Hausa, cewa ya kamata Nijeriya ta sa hannu da dukiya a cikinsa sosai, kuma cewa sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da nasu rabon aikin wanda ba mai yi musu.

Ruwan damina daga ina?

Bahaushe ya san hadari daga gabas yake tasowa. Wannan gaskiya ne, gama guguwar da ke kawo ruwa a ƙasashen Sahel daga gabas take tafiya zuwa yamma. Amma danshin da hadarin ke ɗauka ya zubar, akasarinsa iskar bazara ce ke kawo shi daga kudu maso yamma, watau daga Mashigin Tekun Gini da gabashin Atlantika. A lokacin bazara ƙasar Sahara kan yi zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iska mai danshi ta bisa teku ta kwararo arewa don ta cike gurbin. Gwargwadon bambancin zafi tsakanin tudu da teku, gwargwadon ƙarfin da wannan iska ke shigowa da shi da kuma nisan da take kaiwa.

Daga watan Mayu zuwa Agusta ruwa mai sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku ya shimfiɗu a kan layin Ikwaita, kudu da gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan sanyi yana ƙara tazarar zafin da aka ambata, yana kuma taimakawa wajen tura damina arewa. Masu bincike sun lura cewa a mafi yawan shekaru, wajen ƙarshen watan Yuni, cibiyar ruwan sama kan yi tsalle daga bakin teku ta koma cikin ƙasa. Shekarar da ruwan nan ya yi jinkirin sanyi, ko ya ƙi yin sanyi yadda ya saba, damina kan daɗe a kudu. Daura kuwa tana kusa da layi na 13 arewa da Ikwaita, wajen da iskar ke isa bayan ta gaji. Saboda haka ɗan canji kaɗan a teku, wanda mutumin Legas ba zai ko lura da shi ba, yana iya zama wa mutumin Kongolam bambanci tsakanin shuka ɗaya da shuka uku.

Ba wannan teku kaɗai ke da hannu a al'amarin ba. Ɗumamar Tekun Pasifik da ake kira El Nino, da zafin Tekun Indiya da na Bahar Rum, duk suna taɓa daminar Sahel. Amma Mashigin Gini shi ne ƙofar da ta fi kusa, shi ne kuma wanda Nijeriya ke zaune a bakinsa.

Abin da fari ya koyar

Tarihin yunwa a ƙasar Hausa ba ɓoyayye ba ne, don kuwa kowace da sunanta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Sa'an nan aka yi farin 1972 da 1973 wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kuma taimaka wajen rushe dalar gyaɗa. Bayansa aka yi na 1983 da 1984, wanda ya zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya daga watan Afrilu na 1984 zuwa Maris na 1986. Garuruwan bakin iyaka irin su Kongolam sun ga wannan masifa ta fuska biyu: ga rumbu ba hatsi, ga hanyar fatauci a toshe.

A shekarun da suka biyo bayan farin 1973, ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa mutanen Sahel su suka jawo wa kansu. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashen cewa idan dabbobi suka cinye ciyayi ƙasa ta yi fari fat, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, ruwa kuma ya ragu. Nan da nan aka ɗora laifi a kan makiyayi da sandarsa, da manomi da gatarinsa. Amma a 1978 Peter Lamb ya nuna akwai dangantaka tsakanin shekarun fari da yanayin zafin ruwan Atlantika. A 1986 Folland da Palmer da Parker na ofishin yanayi na Ingila suka gwada ruwan saman Sahel da zafin tekunan duniya tun daga 1901 har 1985, suka ga cewa fari kan zo ne sa'ad da tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙara tabbatar da cewa zafin teku shi ne babban abin da ya juya daminar Sahel a ƙarni na 20, lalacewar ƙasa kuwa ƙari ce a kan ciwo. Shekarar 1984 ma, wadda ta fi kowace bushewa a zamanin nan, shekara ce da ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da kima.

Abin lura a nan shi ne, awon teku ne ya sauke wa talakan Sahel wani kaso na laifin da aka jibga masa. Ba a ce sare itatuwa da yawan kiwo ba su da illa ba, suna da ita. Sai dai wanda bai san asalin cuta ba, ba ya dace da magani. Da ba a sami lissafin zafin ruwa wanda jiragen ruwa suka tara shekara da shekaru ba, da har yau ana ta zargin Bafulatani a kan abin da ya faro dubban kilomitoci daga rugarsa.

Yadda ake dasa na'urorin

Tauraron ɗan'adam yana iya auna zafin fatar teku, amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi, kuma gajimare kan tare wa wasu na'urorinsa gani. Dole sai an sa abin awo a cikin ruwan kansa. Tun a 1974, cikin zafin fari, ƙasashen duniya suka tara jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama fiye da goma a gabashin Atlantika, da cibiyarsu a Dakar, don nazarin yadda hadari ke haɗuwa. Wannan aiki na 'yan watanni ne. Abin da aka rasa a lokacin shi ne awo na dindindin, dare da rana, rani da damina.

A 1997 ƙasashe uku, watau Birazil da Faransa da Amurka, suka kafa shirin da ake kira PIRATA. Sun dasa na'urori masu yawo a bisa ruwa, kimanin 18 a yanzu, a wurare daban-daban na tsakiyar Atlantika, wasu daga cikinsu a Mashigin Gini. Da yake kowace a ɗaure take da igiya har ƙasan teku kamar dabba a turke, wannan maƙala za ta kira ta gora mai turke. Siffarta kamar gammo ce, faɗinta ya ɗara mita biyu, da ɗan dogon ƙarfe a kanta mai ɗauke da ma'aunin iska da zafi da danshi da ruwan sama da hasken rana. A jikin igiyar kuma an jera ma'aunan zafi da na gishiri har zuwa zurfin mita 500.

Dasa ta aiki ne na haƙuri. Jirgin bincike kan fara auna zurfin wurin, wanda kan kai mita 4,000 ko 5,000, domin a yanke igiya daidai. Sai a sauke goran a ruwa, jirgin ya riƙa tafiya sannu a hankali yana warware igiya, ma'aikata suna ɗaura ma'aunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a zurfin da aka tsara masa. Idan igiya ta ƙare, sai a saki nauyin da zai zama turke, wanda sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne aka haɗa. Nauyin ya nutse ya ja goran zuwa mazauninsa. Daga ranar nan na'urar za ta riƙa aika labari ta tauraron ɗan'adam. Bayan shekara guda dole jirgi ya komo, a ciro ta, a kankare tsatsa da ƙwarin ruwa, a sa sabuwa. Faransa ce ke kula da na gefen Afirka, da jiragenta irin su Thalassa.

Akwai kuma iri na biyu, na shirin Argo da aka fara wajen shekarar 2000. Wannan ba ta da turke, sai a kira ta gora mai nutso. Jirgi kan jefa ta a ruwa ya wuce. Ita kuwa ta nutse zuwa mita 1,000 ta bi igiyar ruwa, bayan kwana tara ta ƙara nutsewa zuwa mita 2,000, sa'an nan ta taso tana auna zafi da gishiri. Da ta ɓullo sai ta aika da abin da ta samo, ta sake komawa. Haka za ta yi ta yi duk kwana goma har batirinta ya mutu bayan wasu shekaru. A 2007 yawansu ya kai 3,000, yanzu kuwa suna wajen 4,000 a tekunan duniya, kuma kowa yana iya ɗaukar labarinsu kyauta.

Wannan labari shi ke shiga kwamfutocin da ke lissafin yanayi. Daga nan yake isa ga cibiyoyi irin su AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan fari, da ACMAD ita ma a Yamai, da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, wadda a farkon kowace shekara take fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina, da tsawonta, da yawan ruwanta, da kuma inda ake tsoron ruwa zai ɗauke a tsakiya.

Ina Nijeriya a cikin wannan aiki?

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800. Tana da Cibiyar Binciken Teku a Legas tun 1975. A 2014 cibiyar ta sami jirgin bincike mai suna Bayagbona wanda aka ƙera a Poland, a 2021 kuma rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin safiyo mai suna Lana daga Faransa. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku. Ashe ke nan ba kayan aiki aka rasa ɗungum ba.

Amma idan ana zancen teku a ƙasar nan, abin da ake nufi shi ne man fetur, da tashar jiragen ruwa, da kifi, da 'yan fashin teku. Da wuya a ji an ambaci gero. Cikin ƙasashe ukun da ke ɗauke da nauyin PIRATA babu ƙasar Afirka ko ɗaya, alhali kuwa mutanen Afirka ta Yamma su ne waɗanda cikinsu ya fi dogara ga abin da na'urorin ke aunawa. Ko a lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma na shekarun 2005 zuwa 2007, jiragen da suka riƙa tashi daga Kwatano suna zagaya Mashigin Gini na Faransa ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk ranar da majalisar wata ƙasa mai nisa ta ga dama ta rage kuɗin binciken teku, ba za ta nemi shawarar Sarkin Noman Daura ba.

Abin da ake nema ba ya wuce ƙarfin ƙasar. Na farko, a ware kuɗi tsayayye na mai da gyara domin jirgin bincike ya riƙa fita a kan kari kowace shekara. Na biyu, Nijeriya ta ɗauki nauyin gora mai turke ko da guda ɗaya ce ko biyu a ruwan da ke kudu da ita, ta kuma riƙa sayen gora mai nutso tana jefawa. Na uku, a horar da matasa, har da 'yan arewa, a kan ilimin teku da yanayi, su riƙa shiga jiragen nan. Na huɗu, a taimaka wajen tsaron na'urorin, gama kifi kan taru a ƙarƙashinsu, masunta kuma kan ɗaure jiragensu a jiki ko su cire kaya, har an taɓa barin wasu wurare a Mashigin Gini saboda yawan ɓarna. Gwamnonin jihohin arewa da 'yan majalisarsu su ya fi kamata su tsaya a kan wannan magana, don mutanensu ne ke shuka a bakin hamada.

Sukar da ake yi

Akwai masu cewa sanin ruwa sai Allah, hasashen damina kuwa shisshigi ne cikin gaibu. Babu Musulmin da ke jayayya cewa Allah ne ke saukar da ruwa inda ya so. Amma duba alamu ba da'awar gaibu ba ce. Manomin da ya ga shamuwa ta iso, ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ya ji iska ta juya, ya ce damina ta kusa, ba wanda ya taɓa kiransa boka. Ma'aunin zafi a teku alama ce irin waɗannan, sai dai ta fi su nisan gani. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta isa misali a kan tanadin shekarun wadata saboda shekarun tsanani, kuma an hori mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara.

Wasu kuma na cewa kuɗin da za a zuba a teku gara a sayi taki, a haƙa rijiyoyi, a gyara madatsar ruwa ta Sabke da ta Daberam. Wannan magana tana da ƙarfi, domin wanda ke jin yunwa yau ba ya jiran bincike. Sai dai takin da aka zuba a shukar da ta ƙone asara ce biyu. Manomin da aka gaya wa tun watan Maris cewa ana zaton daminar bana gajera ce, zai iya neman iri mai saurin nuna, ya rage dawa ya ƙara gero da wake, ya jinkirta binne, makiyayi kuma ya rage garke a kasuwar Mai'aduwa tun dabba na da daraja. Haka nan mai kula da madatsa yana bukatar ya san ko shekarar ambaliya ce, irin ta 2012 da ta 2022, ko wadda ta afka wa Jibiya a 2018. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Suka ta uku ita ce hasashen ba ya cika daidai. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Hasashen damina zato ne mai rinjaye a kan yanki mai faɗi, ba ya iya cewa ranar Talata za a yi ruwa a Kongolam a bar Zango. Dangantakar teku da damina ma kan sauya daga zamani zuwa zamani, balle yanzu da duniya ke ɗumama. Amma wannan hujja ce ta ƙara awo. Likitan da bai gane ciwo sarai ba, ba jefar da ma'auninsa yake yi ba.

Rabon sashen Hausa

Ko da an dasa na'ura dubu, idan labarin ya tsaya a Abuja cikin Turanci, aikin banza aka yi. A nan ne ɗalibin Hausa ya shigo. Fassara hasashen yanayi ta fi ƙarfin sauya kalma da kalma. Idan masana suka ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin 100 ruwa ya gaza yadda aka saba, mai fassara ya ce a rediyo “za a yi fari”, ya yi ƙarya, kuma idan aka sami damina mai albarka manomi ba zai sake sauraronsa ba. Hausa tana da matakan zato masu yawa: wataƙila, mai yiwuwa, ana kyautata zato, galibi, lalle. Aikin masu nazarin harshe ne su zauna da masana yanayi su daidaita wace kalma ce ta dace da wane mataki, a tsaya a kanta.

Haka kuma “faɗuwar damina” a bakin masani tana nufin ruwan da ya isa a yi shuka ba tare da dogon ɗaukewa a bayansa ba, alhali mai sauraro yana iya ɗauka ruwan farko ake nufi. Wannan ɗan saɓani kaɗai ya isa ya cinye wa mutum irinsa. Ga kuma lissafin watannin noma, da taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta, da sunayen iskoki da na ruwa, waɗanda tsofaffi ke tafiya da su kabari ba a rubuta ba. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, ga fili nan. Tattara wannan ilimi zai ba masana yanayi harshen da manomi ya riga ya yarda da shi. Daɗin daɗawa, Hausar da aka tsara a Katsina ko Kano za ta yi aiki a Matamaye da Magarya ba tare da an sake fassara ba, tun da hadari ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Kammalawa

An nuna cewa daminar ƙasar Daura tana da saiwa a teku, cewa awon teku ne ya gyara fahimtar duniya game da farin 1973 da na 1984, kuma cewa na'urorin da ake dogara da su a yau wasu ƙasashe ne ke dasawa suna kula da su. Nijeriya tana da gaɓa, tana da cibiya, tana da jirgi. Abin da ya rage shi ne shugabanni su gane cewa kuɗin man jirgin bincike yana cikin kuɗin noma, jami'o'i kuma su shirya waɗanda za su kai saƙon har bakin gona da harshen da ake ji. Ruwa dai na Allah ne, amma tanadi an bar wa bawa. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.